KIWON LAFIYA: Septrin, Fansidar da Danginsu Masu Tare Hanyar Folik

Babu wani kantin magani a ƙasar nan, tun daga Sakkwato har Maiduguri, daga Daura har Sabo ta Ibadan, wanda za a shiga a rasa Septrin da Fansidar, ko kuwa ire-irensu waɗanda wasu kamfanoni ke yi da wasu sunaye. Jama'a sun ɗauki na farkon maganin tari da gudawa da ciwon sanyi, na biyun kuwa maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda haka ba mai ganin wata dangantaka tsakaninsu. Dattawa ba su manta da Daraprim ba, 'yar farar ƙwayar nan da aka laƙaba wa suna Sande-Sande domin daga Lahadi sai Lahadi ake shanta, haka nan masu cutar sikila sun san Paludrine. Akwai kuma wani wanda ba a cika ganinsa ba sai a hannun masu jinyar ciwon daji ko amosanin gaɓɓai, watau metotireksat, wanda a jikin kwali ake rubuta shi Methotrexate.

To, waɗannan magunguna duka 'yan gida ɗaya ne, sana'arsu kuma ɗaya, watau tare hanyar wani sinadari da ake kira folik asid. Da wannan sana'a suke warkarwa, da ita kuma suke ɓarna. Da yawa daga cikin waɗanda suka jikkata a hannunsu, in aka bi diddigi, sai a tarar ko dai an haɗa 'yan'uwa biyu a ciki ɗaya ba a sani ba, ko an sha a lokacin da bai dace ba, ko kuwa jiki ya yi gargaɗi aka yi biris da shi.

Shi folik asid ba baƙo ba ne ga duk matar da ta taɓa zuwa awon ciki, shi ne 'yar ƙwayar nan rawaya da ake haɗawa da ta ƙarin jini. Wata likita Baturiyar Ingila, Lucy Wills, ita ce ta fara gano sawunsa. Ta tafi birnin Bombay na ƙasar Indiya cikin 1928 don binciken wani irin ƙarancin jini da ke kashe mata masu juna biyu, musamman matalauta ma'aikatan masaƙu, a cikin 1931 kuwa ta ba da labarin cewa wani abin shafa wa burodi mai araha da ake yi da yisti, mai suna Marmite, yana tayar da su. Shekara goma bayan haka, cikin 1941, wasu masana a Jihar Texas ta Amurka suka tato sinadarin daga ganyen alayyafo tan huɗu, suka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ganye. Ana samunsa a alayyafo da zogale da kuɓewa da wake da gyaɗa da hanta, amma doguwar dahuwa tana kashe shi, abin da jiki ke iya ajiyewa kuwa bai wuce guzurin wata uku zuwa huɗu ba.

Aikinsa a jiki ya yi kama da na lebura a wurin gini. Kowace ƙwayar halitta, kafin ta rabu biyu, sai ta kwafi tsarin halittarta duka, kamar magini ne zai ta da sabon ɗaki kusa da tsoho. Folik shi ne mai kai wa magini ƙasa. In ya juye kwandonsa tilas ya koma kududdufi a sake cika masa, ƙofa ɗaya tak ce kuma ake bi zuwa kududdufin. Wannan ƙofa ce magungunan nan ke garƙamewa. In an rufe ta, ga leburori nan tsaye da kwanduna wayam, gini ya tsaya cik. Unguwar da ba a gini a cikinta ba ta jin komai, inda ake aiki dare da rana nan ne abin ke bayyana. A jikin ɗan Adam kuwa wuraren da gini ba ya tsayawa su ne ɓargo, inda ake ƙera jini, da fatar cikin baki da ta hanji, wadda ke sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, da saiwar gashi, sa'an nan uwa-uba ɗan tayi a cikin mahaifa.

Ciwon daji ma gini ne, gini na hauka wanda ba ya jin a tsaya. Wani likita a asibitin yara na birnin Boston, Sidney Farber, ya lura cewa yaran da ke da ciwon dajin jini in an ba su dangin folik sai cutar ta ƙara gudu, don haka ya yi tunanin juya abin. Wani masani ɗan Indiya mai aiki a kamfanin Lederle, Yellapragada Subbarow, ya aiko masa da wani magani mai suna aminofterin, wanda ya yi kama da folik har ƙofar nan ta karɓe shi, amma in ya shiga sai ya toshe ta. A ƙarshen 1947 aka soma ba yaran, cikin 1948 Farber ya buga sakamako: daga cikin yara 16, guda 10 sun sami sauƙi na ɗan lokaci, abin da ba a saba gani ba a wannan cuta. Amma a cikin wannan rahoto nasa ya ambaci gyambon baki da ya addabi waɗansunsu. Watau amfanin da illar tare aka haife su. Metotireksat ƙanen aminofterin ne, ya maye gurbinsa domin ya fi sauƙin sarrafawa, da shi ne kuma Min Chiu Li ya warkar da wata mata a Amurka cikin 1956, wadda ciwon dajin mabiyiya ya bazu har huhunta.

Wasu masana biyu kuwa, George Hitchings da Gertrude Elion, sai suka bi wata dabara. Ƙwayoyin cuta ma suna da irin wannan ƙofa, amma makullinta ya ɗan sha bamban da na mutum. Daga wannan bambanci suka fito da firimetamin, wanda shi ne Daraprim, a farkon shekarun 1950, daga baya kuma tirimetofirim, har aka ba su lambar yabo ta Nobel cikin 1988. Tirimetofirim ya fi kama ƙofar ƙwayar cuta sau dubbai bisa ga ta mutum. Aka kuma haɗa kowannensu da maganin salfa, wanda ke hana ƙwayar cuta ƙera folik tun daga tushe, abin da jikin mutum da ma ba ya yi, tun da shi daga abinci yake samu. Ƙwayar Septrin ta manya tana ɗauke da tirimetofirim miligiram 80 da salfa 400, babbarta ninki biyu; ƙwayar Fansidar kuwa firimetamin 25 da salfa 500. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, sai dai fa sau dubbai ba ya nufin ko kusa ba ya taɓa mutum. In aka yawaita, ko aka daɗe ana sha, ko kuwa mai shan da ma rumbunsa na folik ya kusa ƙarewa, to, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Masu rumbun da ya kusa ƙarewa kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai mace mai juna biyu, da mai sikila wanda ɓargonsa ke aiki ba hutu don maye jinin da ke farfashewa, da yaro mai tamowa, da tsohon da ba ya iya cin abinci sosai, da mashayin giya, da mai farfaɗiya wanda ya shekara yana shan Epanutin ko fenobabiton, domin su ma suna rage folik. Zazzaɓin cizon sauro shi kansa babban mai cinye folik ne. Wani bincike da Alan Fleming da abokan aikinsa suka yi a Zariya a kan mata Hausawa 200 masu cikin fari, wanda aka buga cikin 1986, ya nuna wani abin mamaki: matan da aka ba Paludrine kullum, ko da yake shi ma ɗan wannan gida ne, sun fi sauran tsira daga mugun ƙarancin jini da alamun ƙarancin folik a ɓargo, domin abin da sauro ke cinyewa ya fi abin da maganin ke tarewa nesa ba kusa ba. Wannan ya isa ya nuna cewa ba gudun magungunan ake nema ba, sanin ma'auninsu ake nema.

Sa'ad da ɓargo ya gaza, abu uku ke raguwa. Jajayen ƙwayoyin jini in sun ragu sai kasala da haki da fari a tafin hannu da cikin ido. Farare in sun ragu, su ne sojojin jiki, sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro waɗanda ba su jin magani. Sa'an nan ga ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda raguwarsu ke kawo haɓo, da jini a dasashi, da tabon taruwar jini a fata ba tare da an bugu ba. Kafin duk waɗannan sau da yawa baki ne ke fara kai ƙara. Duk wanda ke shan ɗaya daga cikin magungunan nan ya ga gyambo a cikin bakinsa har haɗiya na yi masa wuya, to, bai kamata ya kai gobe bai ga likita an auna jininsa ba.

Metotireksat shi ne zakin gidan, domin shi ƙofar mutum aka ƙera shi ya kama. Ga mai amosanin gaɓɓai irin mai kumbura yatsu, ko mai wata cutar fata mai saɓa, ana ba da shi kaɗan ƙwarai, yawanci miligiram 7.5 zuwa 25, sau ɗaya tak a mako. A nan babban tarkon yake. Ƙwayar ƙarama ce, miligiram 2.5, ta kuma yi kama da ta folik asid a girma da launi, galibi kuma tare ake ba da su. Mutum ya saba magani safe da yamma ne, in ya ji gaɓɓai na ciwo sai zuciya ta ce masa ai ƙwaya uku a mako ba za ta yi komai ba. Hikimar tazarar mako kuwa ita ce a bar ƙofa ta buɗe kwana shida ɓargo da hanji su yi gininsu. Wanda ya sha kullum, ko da abin da ya sha bai taka kara ya karya ba, cikin mako ɗaya zuwa biyu baki da hanji na iya salewa, ɓargo ya mutu murus. Wannan kuskure ya ci rayuka har a ƙasashen da kowa ke iya karanta takardar magani, shi ya sa cikin 2019 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta fito da sababbin ƙa'idoji, ciki har da buga gargaɗi ɓaro-ɓaro a jikin kwali da ba majinyaci kati ya rubuta ranar shansa. Inda ake ƙulla ƙwayoyi a leda ba suna, sai zane ɗaya ko biyu da biro, ai haɗarin ya fi haka. Dabarar iyaye ta Sande-Sande ita ce ta dace da shi, a zaɓi rana ɗaya a laƙaba masa, folik asid ɗin kuma a ba shi tasa ranar dabam.

Kusan duk abin da aka sha na metotireksat ta ƙoda yake fita. Saboda haka duk abin da ya rage ƙarfin ƙoda ya mai da ƙaramin ma'auni babba: tsufa, amai da gudawa, ƙishin bazara, da magungunan ciwon jiki irin su Brufen da Feldene da Diclofenac in an sha su barkatai. A ɗauki misalin dattijuwar da ta yi shekara biyu tana shan nata ran Juma'a lafiya lau. Wata rana fitsari ya soma yi mata zafi, ta aiki jikanta kemis, aka haɗo mata Septrin na kwana bakwai da maganin ciwon jiki. Mai kemis bai tambayi abin da take sha ba, ita kuma ba ta ga dalilin faɗa ba, don a ganinta me ya haɗa gaɓɓai da fitsari? To, yanzu masu tsaron ƙofa sun zama biyu, hanyar fitar babban kuma ta ƙuntata. Wannan haɗi na Septrin da metotireksat yana cikin waɗanda littattafan likitanci suka yi hani da su ƙarara, domin an sha ganin ya kashe mutane. Ban da wannan, metotireksat yana cin hanta a hankali in an daɗe, musamman ga mai shan giya ko mai ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasar nan, shi ya sa ake gwaji kafin a fara. Wani lokaci kuma yakan kumbura huhu, da busasshen tari da haki. Don haka ne ake auna jini kowane mako ɗaya ko biyu da farko, daga baya kowane wata biyu ko uku. Wanda ya ga kuɗin awon nan ɓarna ne ya bari, ya cire wa motarsa birki ke nan don tsimin mai.

Akwai makari, sunansa folinik asid, ana kuma kiransa Leucovorin. Shi kwando ne cikakke wanda ba ya bukatar bi ta ƙofar da aka rufe, kai tsaye yake isa wurin magini. Da shi ne likitocin ciwon daji ke iya ba da metotireksat mai yawan da zai kashe mutum, sa'an nan bayan kamar kwana guda su ceto lafiyayyun ƙwayoyin jiki. Folik asid na awon ciki ba ya wannan aiki, tun da shi ma sai ya bi ta ƙofar. Makarin kuma da wuri yake aiki, kowace sa'a da aka ɓata tana rage amfaninsa.

Wata illar kuma ba daga tare folik take zuwa ba, daga abokin tafiya take, watau salfa, amma tun da ƙwaya ɗaya suke ciki ba a raba su. Mafi sauƙinta shi ne baƙin tabon nan mai kewaye kamar kwabo da ke fitowa a leɓe, ko hannu, ko al'aura, ya yi ƙaiƙayi, ya lafa, ya bar duhu. Duk ran da aka sake shan maganin sai ya tashi a daidai wurin da ya fito da. Mutane da yawa suna yawo da wannan tabo shekaru suna shafe-shafe, ba su san takardar shaida ce jiki ya rubuta musu ba. Mafi muninta kuwa ita ce cutar da likitoci biyu na birnin New York, Stevens da Johnson, suka bayyana cikin 1922, wadda har yau ake kira da sunansu. Takan fara tsakanin kwana 4 zuwa 28 da soma magani, da zazzaɓi da ciwon jiki, ido ya yi ja kamar Afolo, leɓɓa su kumbura su fashe, sa'an nan fata ta yi bororo ta riƙa salewa kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Sau da yawa akan ɗauka ƙyanda ce ko ƙarambau, wani ma ya ce jifa ne, mafi ban takaici kuma akan ƙara wa majinyacin Septrin ɗin don maganin ƙurajen. In salewar ta wuce kashi 30 cikin 100 na fata, kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya tashi, waɗanda suka tashi kuma wasunsu da makanta.

Fansidar ya fi wuyar sha'ani a nan, domin salfar da ke cikinsa takan yi mako guda kafin rabinta ya bar jiki, ko an daina sha tana nan makonni. A farkon shekarun 1980 an riƙa ba Amurkawa matafiya shi kowane mako don rigakafi. Da aka ƙirga sai aka ga mummunar salewar fata na samun mutum ɗaya cikin 5,000 zuwa 8,000, mutuwa kuma ɗaya cikin 11,000 zuwa 25,000, saboda haka cikin 1985 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta janye wannan shawara. Ingila ma cikin 1995 ta taƙaita cututtukan da ake ba da Septrin dominsu. Nijeriya kuwa ta sauke Fansidar daga matsayin maganin warkar da zazzaɓi tun 2005, domin ƙwayar cutar ta saba da shi, aka koma ga haɗin atimisinin. Wanda ke sayen ƙwaya uku duk sa'ad da jikinsa ya yi ɗumi yana ɗaukar kasadar ne kawai, amfanin kuwa ya daɗe da raguwa.

Salfa tana kuma iya farfasa jinin masu wani rauni na gado da ake kira G6PD, wanda ya fi yawa ga maza, sai a ga fitsari ya yi baƙi kamar shayi, ido ya yi rawaya. Ga jariri sabon haihuwa kuwa tana iya tura shawara zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a ba jinjirin da bai kai mako shida ba sai da umurnin likita. Tirimetofirim shi ma yana da tasa ta ɓoye: yana hana ƙoda zubar da gishirin fotasiyam, wanda in ya taru yakan tsai da zuciya ba sallama. Wani bincike a lardin Ontario na Kanada, wanda aka buga cikin 2014, ya nuna tsofaffi masu shan maganin hawan jini irin su Lisinopril da Losartan sun fi mutuwar farat ɗaya in an ba su Septrin bisa ga in an ba su Amoxil. Haka abin yake ga masu shan Aldactone. Mai shan Warfarin kuma jininsa na iya tsinkewa.

Maganar ciki ita ce mai bukatar natsuwa, domin a nan ne ake faɗa wa mace abu biyu masu kama da saɓani. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, tun mace ba ta tabbatar da ɓatan wata ba. Cikin 1952 wani likita a Amurka ya gwada aminofterin don zubar da ciki, aka ga nakasa mai tsanani a 'ya'yan da maganin ya taɓa. Har yau da metotireksat ake narkar da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, don haka mace mai shansa ba ta ɗaukar ciki sai ta yi wata shida da dainawa, namiji kuma wata uku, ba ta kuma shayarwa. Wani babban bincike da aka buga a Amurka cikin 2000 ya danganta shan irin su tirimetofirim a watannin farko da ƙaruwar nakasar zuciya da tsagewar leɓe. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ba da Fansidar a wata uku na farko. Amma daga mako na 13, sa'ad da ginin gaɓoɓi ya kammala, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba mai ciki ƙwaya uku a wurin awo, da tazarar aƙalla wata guda, sau uku ko fiye kafin haihuwa, domin yana kare ta daga ƙarancin jini, ya kuma kare jariri daga zuwa da ƙarancin nauyi. Matar da ta karɓa ta jefar a hanya don ta ji an ce yana zubar da ciki, ta yi asarar kariya ce a banza.

Sai dai akwai wani ƙulli. Ƙwayar folik asid da aka saba da ita a asibitoci da kantunan ƙasar nan mai miligiram 5 ce, alhali abin da hukumar ta tsara wa mai ciki kullum shi ne miligiram 0.4. Wani gwaji a yammacin Kenya, wanda aka buga cikin 2006, ya nuna babbar ƙwayar tana ciyar da ƙwayar zazzaɓin har Fansidar ya kasa, ƙaramar kuwa ba ta hana shi aiki. A Kenya ƙa'ida ita ce a dakatar da babbar mako biyu bayan kowane sha. Ya kamata mai ciki ta nuna wa unguwarzoma irin wadda take sha, ta ji yadda za ta yi, musamman mai sikila wadda ba ta rabuwa da babbar.

Masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau su ne suka fi kowa cin moriyar Septrin, su ne kuma ya fi fesa wa ƙuraje. Gwajin da aka yi a Abijan, wanda aka buga cikin 1999, ya nuna shansa kullum ya rage mutuwar masu ƙanjamau da tarin fuka da kusan rabi, wani kuma a Zambiya cikin 2004 ya nuna ragin kashi 43 cikin 100 ga yara. Irin wannan magani ba a barinsa don jin tsoro, sai dai a sa ido. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce mai ciki da ke shan Septrin kullum ba a ba ta Fansidar a wurin awo, domin Septrin ɗin ya riga ya tsare mata sauro, ƙarin kuwa ninka illa ne kawai. Matsalar ita ce sau da yawa asibitin da take karɓar wannan dabam, na awon dabam, kunya kuma ta hana ta faɗa.

Wannan ƙa'ida ce ta shafi maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi cikin 2012, aka fara gwada shi a Jihar Katsina cikin 2013. Ƙwayar ranar farko dangin Fansidar ce, tare da amodayakwin na kwana uku. Yara miliyoyi sun sha, mummunar illa kuwa ba a cika samunta ba, gwaje-gwaje kuma sun nuna yana hana kimanin kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin damina. Tambayoyin nan da ma'aikata ke yi a ƙofar gida, ko yaro na shan Septrin, ko magani ya taɓa fesa masa ƙuraje, ko ya sha irin wannan cikin mako huɗu da suka wuce, ba ɓata lokaci ba ne, amsarsu ce ke raba wanda za a ba da wanda za a tsallake. Abin da ke kashe yara a wannan gida shi ne kwalbar da aka bari a kan taga. Firimetamin in yaro ya haɗiye da yawa, cikin rabin sa'a zuwa sa'a biyu sai amai da jijjiga, an kuma taɓa samun mutuwa daga miligiram 375, watau ƙwayar Daraprim 15 kacal.

Wanda salfa ta taɓa yi wa tabo ko ƙuraje, to, shi da ita har abada, ya kuma kamata a rubuta masa haka a katin asibiti, likita ko mai haɗa magani kuma ya cika takardar nan rawaya ta hukumar NAFDAC wadda ake kai rahoton illar magani da ita. Wahalar ita ce sunaye. Mutum ya rantse ba shi ba Septrin, sai a miƙo masa Bactrim ko Primpex. Ya guji Fansidar, sai a ba shi Amalar ko Maloxine ko Laridox, alhali duk ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Babban sunan da ke jikin kwali na kamfani ne. Sunan gaskiya yana ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe, abin da za a nema a wurin kuwa shi ne kalma mai farawa da Sulfa ko Sulpha, ko kuwa Co-trimoxazole.